Ciwon Gwiwa Ya Hana Ni Sujada: Ko Abinci da Motsa Jiki Za Su Wadatar?

Tambaya: Likita, shekaruna 58, kuma shekara uku ke nan gwiwoyina biyu suna ciwo, ta dama ta fi tsanani. Da safe sukan riƙe na 'yan mintuna sannan su saki, amma idan na yini a tsaye ko na hau matakalar bene sai ciwon ya taso, har sujada da tsugunno sun zame mini aiki. Nauyina kilo 92 ne. Kusan kullum sai na sha ƙwayar da nake saya a kemis, ga shi yanzu cikina ya fara zafi. Wasu sun ce in riƙa hutawa in rage tafiya, wasu sun ce in yawaita miyar kuɓewa da farfesun ƙafar sa, wasu kuma sun ce sanyi ne ya kama ni. Ina so in rabu da ƙwayoyin nan in koma ga abinci da motsa jiki. Ko hakan zai yiwu?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ba da sauƙi ya sa kaffara ne. Abin da kike nema zai yiwu gwargwado mai yawa, kuma shi ne ma matakin farko da ilimin likitanci ya ajiye wa irin ciwon da kika siffanta, kafin a kai ga maganar allura ko tiyata. Sai dai kafin mu shiga batun abinci akwai abubuwa biyu da ba zan tsallake ba, domin ɗaya yana da gaggawa, ɗayan kuma shi ne zai nuna ko shawarar da zan bayar ta dace da ke.

Na gaggawar shi ne zafin cikin da kika ambata. Ƙwayoyin da aka fi miƙa wa mai ciwon gaɓoɓi a kemis, irin su dikulofenak da ibufurofen da firoksikam, suna rage raɗaɗi da gaske, amma idan aka daɗe ana shan su kullum sukan ci bangon ciki har su haifar da gyambo, su ɗaga hawan jini, su kuma raunana ƙoda ba tare da mutum ya ji komai ba sai lamarin ya yi nisa. Ki dakatar da su, ki je asibiti cikin makon nan a auna jininki da sukarinki, a duba aikin ƙodarki. Idan kika ga bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko kika yi aman jini, ko jiri yana ɗibarki, wannan ba abin jiran gobe ba ne. Ki tafi da ƙwayoyin a hannunki likita ya gan su da idonsa, musamman idan irin haɗin nan ne da ake ƙullawa a leda, kala uku ko huɗu ba suna. Sau da yawa akan tarar da deksametason ko firedinisolon a cikin irin wannan haɗi, kuma su ne suke sa mutum ya ji garau cikin kwana biyu ya ɗauka ya dace da magani, alhali a hankali suna kumbura fuska, suna ƙara ƙiba, suna tayar da ciwon sukari, suna rarake ƙashi, wani lokaci har su kashe kan ƙashin ƙugu. Wanda ya daɗe a kan deksametason ko firedinisolon ba ya yanke su rana ɗaya, sai likita ya tsara masa yadda zai rage su sannu a hankali, saboda haka kada ki yanke hukuncin wannan ke kaɗai.

Abu na biyu shi ne sanin wane irin amosani ne. Mu Hausawa mukan tattara duk ciwon gaɓa mu kira shi amosani ko sanyin ƙashi, amma a asibiti cututtuka ne daban-daban waɗanda maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Wanda ya fi yawa shi ne na zaizayewar guringuntsi, wato farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da bakin ƙashi inda ƙasusuwa biyu suka haɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kusan kashi 60 cikin ɗari mata ne, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa. Alamominsa su ne waɗanda kika lissafa: riƙewar safe da ba ta kai rabin awa, ciwon da aiki ke tayarwa hutu ya kwantar, sai kuma ƙarar ƙas-ƙas in an lanƙwasa, wadda ba ki ambata ba. Akwai kuma wanda ake kira rumatoyid, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. Shi yakan fara da ƙananan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, da kumburi da riƙewar safe da takan kai awa ɗaya ko fiye, da kasala. Wannan ba abincin da zai tsayar da shi. Yana buƙatar magani irin metotireksat tun cikin watannin farko, kuma wanda ya ɓata shekara biyu yana jiƙe-jiƙe yakan zo da yatsun da suka riga suka karkace, waɗanda ba sa komawa yadda suke. Na uku shi ne gawut, wanda gishirin yurik asid ke taruwa a gaɓa, ya tashi mutum cikin dare da babban yatsan ƙafa ja jawur, ko zane ba ya so ya taɓa shi. Ban da waɗannan, mai amosanin jini yana da nasa ciwon ƙashi, tarin fuka yakan sauka a ƙashin baya ko ƙugu, kuma masu shan ɗanyen nonon da ba a tafasa ba sukan kamu da wata cutar dabbobi mai kawo zazzaɓin dare da ciwon gaɓoɓi. Duk gaɓar da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, a kai mai ita asibiti a ranar, domin ƙwayar cuta na iya cinye gaɓa cikin 'yan kwanaki.

Bayaninki ya fi kama da na farkon, amma likitan da ya taɓa gwiwar da hannunsa ne zai tabbatar. A kan wannan zaton zan gina sauran amsar.

Shawarar da aka ba ki ta yawan hutu ita ce mafi cutarwa cikin ukun, ko da yake masu bayar da ita tausayi ne ya sa su. Mutane suna ɗaukar gwiwa kamar tayar mota, wadda kowace tafiya ke cinye ta, don haka sai a adana ta. Guringuntsi ba haka yake ba. Ba shi da jijiyoyin jini da ke kai masa abinci, yana samun abincinsa ne daga ruwan da ke cikin gaɓar, kuma ruwan ba ya ratsa shi sai an matsa an saki, kamar yadda soso ke zuƙar ruwa idan an matse shi an sake. Gwiwar da aka ajiye ba motsi tana zama da yunwa ke nan. Sannan ga tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke tallafe gwiwa tana shanye girgizar kowane taku. Idan ciwo ya sa mutum ya rage tafiya, tsokar nan takan saki cikin 'yan makonni, nauyin da take ɗauka ya koma kan gaɓar kai tsaye, ciwon ya ƙaru, mutum ya ƙara zama, ƙiba ta hau, an gudu ba a tsira ba. Yawancin matan da nake gani a wannan hali ba zaizayewar ce ta zaunar da su ba, raunin cinya ne. Shi ya sa za ki ga hotunan ƙashi biyu masu kama da juna, mai ɗaya tana zuwa kasuwa da ƙafarta, mai ɗayan kuma sai an kama ta ta miƙe.

Motsa jikin da nake nufi ba gudu ba ne, kuma ba ya buƙatar kuɗi ko fita daga gida. Ki fara da wanda ake yi a kan gado. Ki zauna ki miƙe ƙafa, ki naɗe tawul ki sa ƙarƙashin gwiwa, ki danna gwiwar ƙasa kamar za ki murƙushe tawul ɗin har ki ji cinyar ta yi tauri, ki ƙirga biyar zuwa goma, ki saki, ki maimaita sau goma a kowace ƙafa. Daga nan ki kwanta rigingine, ki lanƙwasa ƙafa ɗaya tafinta na kan katifa, ki ɗaga ɗayar a miƙe sambal har ta kai tsayin gwiwar da aka lanƙwasa, ki riƙe kaɗan, ki sauke ta a hankali ba tare da kin yar da ita ba, domin a saukewar nan tsoka ta fi yin aiki. Sai ki juya ta gefe ki ɗaga ƙafar sama kamar taki ɗaya ko biyu, wannan na tsokar ƙugu ne, kuma ƙugu mai ƙarfi yana hana gwiwa karkacewa ciki idan ana tafiya. Wanda na fi ba muhimmanci shi ne tashi da zama daga kujera. Ki samu kujera mai ƙwari wadda ba ta yi ƙasa ba, ki jingina ta da bango, ki harɗe hannuwa a ƙirji, ki miƙe tsaye, ki koma ki zauna a hankali. Idan da farko sai kin dafa, ki dafa, ko ki ɗora matashi a kan kujerar don ta ƙara tsayi. Sau biyar ma ya isa mafari. Duk mako ki ƙara kaɗan har ki kai goma sau uku, da ɗan hutu a tsakani, kwana uku a mako ko fiye.

Tafiya kuwa ki fara da minti goma a fili mai laushi wanda ba gargada, ko da zagayen tsakar gida ne bayan sallar asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ki sa takalmi mai taushin ƙasa wanda ya kama ƙafa, ki bar silifas ɗin da ya cinye ta gefe ɗaya. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da shi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar, tare da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ba a ce ki kai can a watan farko ba, kuma minti goma sau uku a yini daidai yake da rabin awa a haɗe. Maza masu irin wannan ciwo nakan ce musu su koma kan keke, a ɗaga sirdin yadda gwiwa ba za ta lanƙwashe sosai ba, domin keke yana motsa gaɓa ba tare da ya ɗora mata nauyin jiki duka ba.

Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce, to idan ya yi ciwo fa? Zai yi, musamman a makonni biyun farko, kuma wannan ciwon ba alamar ana ɓarna ba ne. Ma'aunin da masu gashin ƙashi na asibiti ke amfani da shi mai sauƙi ne. Ki ɗauka ciwo yana da maki daga sifili zuwa goma. Idan lokacin atisayen bai wuce biyar ba, kuma washegari gwiwar ta koma yadda take kafin ki fara, kina kan hanya. Idan kuwa ta kwana ta wuni tana zogi, ko ta kumbura, to kin zarce, sai ki rage yawan da rabi, amma kada ki daina. Ranar da ciwon ya tashi sosai ki tsaya a kan na gado kawai. Sauƙin gaske yakan fara bayyana ne tsakanin mako shida zuwa wata uku, kuma yakan gushe idan aka bari, don haka abu ne da za ki saka cikin tsarin yininki kamar yadda girki da shara suke ciki. Mafi yawan waɗanda suka ce mini motsa jiki bai yi musu ba, idan na bincika sai in tarar kwana goma suka yi suka ajiye.

Yanzu ga abinci. Bari in fara da abin da aka gaya miki. Yauƙin kuɓewa ba ya tafiya gwiwa ya zama man gaɓa, kuma ɓargo da jijiyar ƙafar sa ba sa komawa guringuntsi. Duk abin da aka ci sai ciki ya narkar da shi ya wargaza shi kafin ya shiga jini, jiki kuma ya raba shi inda ya ga dama. Miyar kuɓewa abinci ce mai kyau, ki sha abinki, amma farfesun ƙafar sa kullum kitse ne kawai zai ƙara miki. Haka nan ƙwayoyin gulukosamin masu tsada da ake tallatawa da sunan gina guringuntsi. An gwada su a Amurka a kan mutum 1,583, aka buga sakamakon a 2006, kuma a jimlace ba su fi ƙwayar wofi, wadda ba magani a cikinta, rage ciwo ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ma ta ce kada a rubuta wa masu wannan ciwo su. Kuɗin da za a kashe a kansu ya fi amfani a kifi da ganye.

Babbar hanyar da abinci ke taimakon gwiwa ita ce ta rage nauyi, kuma a nan lissafin yana da daɗin ji. Saboda yadda ƙafa ke aiki, duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa kimanin kilo huɗu na matsi a kowane taku. Wani bincike da aka yi a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga a 2013, ya bi mutum 454 masu ƙiba da ciwon gwiwa, 'yan shekara 55 zuwa sama, har wata goma sha takwas. An raba su uku: masu gyaran abinci kawai, masu motsa jiki kawai, da masu haɗa biyun. Waɗanda suka haɗa biyun sun sauke sama da kashi goma cikin ɗari na nauyinsu, ciwonsu ya ragu da kusan rabi, kuma sun fi masu motsa jiki kawai saurin tafiya. A wurinki kashi goma cikin ɗari kilo tara ne, wato ki sauko daga 92 zuwa wajen 83, wanda zai ɗauke wa gwiwarki kusan kilo 36 a duk taku. Ko rabin wannan kika samu za ki ji bambanci. Ba nauyin kaɗai ba ne, kitsen jiki yana fitar da wasu sinadarai masu rura kumburi, shi ya sa masu ƙiba suka fi samun wannan ciwo har a yatsun hannu, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin kowa.

Na san abin da zai biyo baya, domin a wurinmu ƙibar mace alamar hutu ce da kulawar miji da 'ya'ya. Da kin sauke kilo biyar za a fara tambayarki ko lafiya, wata ma ta kawo miki maganin ƙiba. Ki shirya amsarki tun yanzu, ki kuma sanar da mutanen gida dalili, tunda tukunya ɗaya ake ci.

Ba na ba da shawarar yunwa ko wani tsarin cin abinci na Turawa da ba za a iya riƙewa ba. Rabin kilo a mako ya isa, kuma ana samunsa daga abincinmu na gida idan aka sauya yadda ake zuba shi. Matsalar kwanonmu ita ce tuwo ko shinkafa su cika shi, miya ta zama ɗan abin taɓawa, mai kuma yana yawo a sama. Ki juya lamarin. Idan malmala biyu kike ci ki koma ɗaya, ki cika gurbin da miyar ganye mai kauri, ta alayyafo ko zogale ko yakuwa ko kabewa ko kuka, da kwaɗon rama ko na zogale wanda ba a cika masa ƙuli-ƙuli da mai ba. Tuwon dawa da na gero da acca, waɗanda ba a surfe su har sun rasa dusarsu duka ba, sun fi farar shinkafa da taliya da burodi riƙe ciki. Wake abokin tafiyarki ne a wannan aiki, ko dafaffe ko alale ko ɗanwake, haka ma awara, muddin ba a nutsar da su a mai ba. Mai kuwa, ko na gyaɗa ne ko manja, ki daina tsiyaya shi daga galan, ki auna da cokali, domin babban cokali ɗaya na mai yana ɗauke da kuzarin da sai kin yi tafiyar kusan rabin awa kafin ki ƙone shi. Ƙosai da fanke da cincin da soyayyen dankali su zama na jefi-jefi.

Inda mutane suka fi yin asara ba su sani ba shi ne abin sha. Kwalbar lemo ta rabin lita tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali goma, wato ta cinye duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babban mutum na yini guda. Ki haɗa da shayin safe mai madarar gwangwani, da kunu, da zoɓo, da furar da aka zuba wa sukari, za ki ga mace ta rantse ba ta cin abinci da yawa, kuma gaskiyarta ce, shan sa take yi. Na sha ganin wadda ba ta sauya komai ba sai barin lemon kwalba da rage sukarin shayi da kunu, ma'auni ya fara sauka. Zoɓo da kunun tsamiya da fura da kindirmo duk ana iya shan su da ɗan zaƙi kaɗan ko babu, harshe kuma yakan saba cikin mako biyu ko uku. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano ma a rage, a ƙara daddawa da kayan ƙamshi, saboda hawan jini da ciwon gwiwa sukan zo tare a wannan shekaru.

Akwai abincin da ke da ɗan tasiri a kan kumburi shi kansa, amma kada a kambama shi. Kifi mai maiƙo, irin titus da shawa da sadin na gwangwani, yana da man omega-3, kuma cin sa sau biyu a mako abu ne mai kyau ga zuciya da gaɓoɓi, ko da yake hujjar amfaninsa ta fi ƙarfi a wurin masu rumatoyid. A Suwidin an taɓa ɗora masu rumatoyid hamsin da 'yan kai a gwaji na wata uku, aka buga a 2003, inda rabinsu suka koma cin ganye da wake da kifi da man zaitun suka rage jan nama, kuma an ga ciwonsu ya ɗan lafa, amma suna kan magungunansu ne ba a cire musu ba. Citta da kurkum an gwada su a ciwon gwiwa an ga ɗan sauƙi a wasu mutane. Sa su a miya ko shayi ba laifi. Ƙwayoyinsu masu ƙarfi da ake sayarwa a kwalba kuwa wani abu ne daban, an samu waɗanda na kurkum ya taɓa musu hanta, kuma mai shan maganin tsinka jini ko mai gyambon ciki, kamar yadda nake zargin kina da shi, bai kamata ya sha su ba sai da sanin likita. Kindirmo da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu da garin kuka suna ba ƙashi sinadarin kalsiyam, kuma ɗan zama a hantsi yana da amfani ga matan da ba su cika fita ba. Maganar cewa tumatir ko gauta ko ruwan sanyi suna tayar da amosani ba ta da hujja.

Mai gawut ne kaɗai dokarsa ta bambanta, kuma na faɗa ne saboda masu karatu maza. Shi zai rage kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, da yawan tsire da balangu, da sadin, ya bar giya da lemon kwalba, ya yawaita ruwa, musamman tsakanin buɗa-baki da sahur a watan azumi. Duk da haka abinci kaɗai ba ya cika sauke yurik asid zuwa inda ake so, wanda ciwon ke yawan tasar masa yakan buƙaci alofurinol na dindindin.

Batun sanyi kuma, sanyi ba ya haifar da wannan ciwo, amma gaskiya ne mutane da yawa sun fi jin riƙewa da hunturu. Wanka da ruwan ɗumi da safe, ko gasa gwiwa da tawul mai ɗumi na minti goma sha biyar kafin atisaye, yana sassauta ta. Idan ta kumbura bayan aiki, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma ta fi dacewa. Mai ciwon sukari ya gwada zafin ruwan da gwiwar hannu tukuna, don ƙafarsa ba lallai ta ji ƙuna ba. Man zafi yana ɗauke hankali daga ciwon na ɗan lokaci, kuma akwai dikulofenak na shafawa wanda kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, shi ya sa aka fi son sa ga gwiwa a kan na haɗiya, sai ki tambayi likitanki ko ya dace da ke. Abin da nake roƙo a guje shi ne tsaga da sakiya a kan gaɓa. Fatar gwiwa ba ta da nisa da cikin gaɓar, kuma gwiwar da ƙwayar cuta ta shiga ta fi wadda ta zaizaye wuyar sha'ani nesa ba kusa ba.

Saura yadda ake zaman gida, wanda a ganina bai gaza abinci muhimmanci ba. Rayuwarmu a ƙasa take: girki a kan kujera 'yar tsugunno, wanki a duƙe, cin abinci a tabarma, bayan gida na tsugunno. Lanƙwasa gwiwa har ƙarshe da nauyin jiki a kanta shi ne matsi mafi tsanani da gaɓar ke fuskanta. Ki ɗaga murhu ko risho a kan teburi, ki zauna a kujera mai tsayi, a sa kafinta ya yi miki kujerar bayan gida mai rami a tsakiya, da abin dafawa a bango. A matakala, ƙafar da ta fi lafiya ce ke fara hawa, mai ciwon kuma ita ke fara sauka. Idan za ki yi tafiya mai nisa ki riƙe sanda a hannun hagu, tunda gwiwar dama ce ta fi ciwo, domin sanda a ɓangaren da ke kishiyar ciwon take aiki, kuma riƙe ta ba tsufa ba ne. Game da salla, hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Mata da yawa suna iya tsayuwa da ruku'u, sujada da zaman tahiya ne ke gagarar su, sai su ajiye kujera a bayansu. Malaminku zai fayyace miki yadda ake yi. Ta fuskar lafiya dai, ki ci gaba da yin duk abin da kike iyawa a tsaye, ki shimfiɗa abu mai kauri ƙarƙashin sallaya, kuma ba mamaki bayan 'yan watanni na ƙarfafa cinya da sauke nauyi ki ga sujadar ta dawo, ko da ba a kowace salla ba.

Guringuntsin da ya riga ya zaizaye ba ya tsirowa, ko da abinci ko da magani, kuma duk mai tallar da ya yi miki alkawarin sabuwar gwiwa a cikin kwalba kuɗinki yake so. Abin da ake nema shi ne ciwon ya sauka, ƙafa ta ɗauke ki, ƙwaya ta koma ta ranar da ciwon ya tashi kawai. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta nauyinki sau ɗaya a mako, a ma'auni ɗaya, da safe, tare da adadin tashi da zaman da kike iya yi cikin daƙiƙa talatin da mintunan tafiyarki. Bayan wata uku ki kai wa likitanki littafin. Idan kin yi duk wannan tsakani da Allah amma ciwon yana hana ki barci, ko gwiwar tana ƙagewa ko tana zubar da ke, ko ƙafar tana ƙara yin gwame, sai a tura ki wurin likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa da ke, a duba ko allurar cikin gaɓa, wadda sauƙinta na 'yan makonni ne, ko tiyatar sauya gwiwa ta kama. A can ma za su so su ga kin rage nauyi kuma cinyarki tana da ƙarfi kafin su sa ranar aiki, domin masu irin wannan shiri sun fi saurin miƙewa bayan tiyata.